Igiyoyin Majo Alƙasum

Majo Alƙasum ba ya karya kumallo a zaune. Matarsa Kaltumi ta daina shimfiɗa masa tabarma tun tuni. Tana miƙa masa ƙwaryar fura yana tsaye a bakin zaure, hannu ɗaya a kan keke, ya kafa kai, ya goge gemu, ya tafi. Kafin rana ta hau katanga ya buɗe ɗakin shan magani na unguwarmu a nan Tawa, ya ɗora allurai a wuta, ya fito wurin masu jiransa a gindin itacen bedi. Ba ya zama a kira masa mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ƙafarsa yake bin layi yana duban fuskoki. Idan ya ga mace ta tamke kai da ƙyalle, ta runtse ido ɗaya, ta ba rana baya, sai ya cire ta daga cikin mutane, ya kai ta wani ɗan ɗaki da ya toshe tagarsa da buhu, ya ce kowa ya rage murya.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Shi ne babban ma'aikacin jinya na wurin, wanda muke kira majo, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa mabuɗai ya koma gida. Za a yi masa ɗan taro. Za a ce ya yi wa dubbai lambar rigakafi, ya tsaya kan masu sanƙarau a shekarar da mutane suka gudu suka bar 'yan uwansu. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani aikin nasa da ba za a faɗa a taron ba, domin a idon mutane ya fi kama da abin ɓoyewa. Shi nake so in faɗa.

Ciwon ɓarin kai ba ya kisa, shi ya sa ba wanda ya damu da shi sai mai shi. Yakan fara da wani ƙyalƙyali a ido, sannan ya kama gefe ɗaya na kai yana bugu, zuciya ta tashi, haske ya zama abokin gaba, ƙarar taɓarya a gidan maƙwabta ta zama kamar a cikin ƙwaƙwalwa ake dakan. Mata ya fi kamawa. A nan ƙasar Adar an san abin da ake yi masa: wanzami ya yi sakiya a gefen ido, ko ya kafa ƙaho a ƙeya, ko a turara hayaƙi a ce iska ce. Mahaifiyar Alƙasum ta rasu da tabon sakiya bakwai a gefen hagu, kuma har ta rasu ciwon bai bar ta ba. Ba ya yawan maganar, amma Kaltumi ta ce daga nan abin ya samo asali.

Tun kafin mulkin kai ya fara rubuta masu wannan ciwo a littattafan rubutu irin na 'yan lakkwal, wato 'yan makarantar boko: suna, gari, gefen da yake kamawa, abin da aka ci, abin da aka yi jiya. Tambaya ɗaya ce ta gagare shi. Idan ya ce wa mace sau nawa yake zo miki a wata, sai ta ce kullum, ko ta ce ba a rasa ba. Ba mai kalanda, ba mai rubutu. Sai ya yi dabara. Ya yanka 'yar igiyar auduga kamu ɗaya, ya ba kowace, ya ce duk ranar da ciwon ya kwantar da ita ta yi ƙulli ɗaya, in wata ya tsaya ta kawo ko ta aiko ranar kasuwar Lahadi, ya ba ta sabuwa. Ga matan Abzinawa da ke saukowa daga arewa ya yi bayanin da harshensu. A hankali bangon ɗakinsa ya cika da ƙusoshi, kowace ƙusa da igiyoyinta, kowace igiya da ɗan guntun takarda mai suna.

A 1959 aka kawo wani likita Bature, mai son aiki, wanda mutanen gari suka sa wa Mai Lofe saboda lofen taba da ba ya barin bakinsa. Ranar da ya ga bangon nan ya tsaya har lofensa ya mutu. Shekara biyu suna ƙirga ƙulli tare, shi da Alƙasum. Da ya tashi komawa ya tafi da alƙaluman, kuma a 1961 wata mujallar likitoci da ake bugawa a Dakar ta fitar da maƙalarsa, shafi goma sha ɗaya. Abin da ta ce shi ne matan Adar masu ciwon ɓarin kai suna kwanciya kwana tara a kowane wata, adadin da ba a taɓa gani ba a wata ƙasa. A can ƙasan shafin ƙarshe, da ƙananan haruffa, an gode wa "ma'aikacin jinya na wurin". Ba suna. Mai Lofe ya aiko masa da kwafi ɗaya. Alƙasum bai ji haushi ba. Ya san shi ne ake nufi, kuma ya ji daɗi da aka ce wani a Dakar zai san akwai mata a ƙauyen Bambeye da kansu ke ciwo.

Daɗin shekara biyu ya yi.

Wata Lahadi a rani na 1963, wata mata daga Bambeye mai suna Zalika, wadda ta daɗe a littafinsa, ta shigo da fara'a, ba ƙyalle a kai, ta ajiye masa igiyarta da ɗan ƙunshin ƙwan zabi.

"Majo, Allah shi saka maka. Igiyar ga taka ta hi ƙwaya aiki."

Ya ɗaga igiyar. Ƙulli a jere, tsaf, kamar tazbaha.

"Zalika, ƙulli nawa ne nan?"

"Kai ad da boko. Ƙirga."

"Talatin da ɗaya. Wata kuwa ashirin da tara ya yi."

"In na ga rana za ta yi zahi, biyu nika yi."

Ya ajiye igiyar a hankali. "Ciwon sau nawa ya zo miki?"

"Sau biyu. Ran da na mance ban ɗaure ba, da ran sunan ɗiyar Talle."

"To sauran ƙullin na mine ne?"

"Na ɗaure shi mana. Da sahe, tun bai zaka ba."

"Wa ya ce miki ki yi haka?"

Ta dube shi kamar mai tausayin wanda karatu ya yi wa yawa. "Majo, akuyata ma tun ba ta shiga gonar mutane ba nika ɗaure ta. Kai ba don haka ka ba mu ba? Ai duk matan rijiyarmu na koya musu."

Washegari ya hau keke zuwa Bambeye. Mako na gaba Affala. A bakin rijiyoyi ya ga igiyoyinsa a wuyan mata, a damtse, wasu an ɗinke su cikin fata kamar laya. Ya tarar da waɗanda ba su taɓa ciwon kai ba sun yanki rabin ta maƙwabciya. Ba wadda ta yi niyyar ruɗinsa. A ƙasar da malami ke tofi a ƙulli ya ba ka ka rataya, mutumin asibiti ya miƙo maka igiya ya ce ƙulla saboda ciwo, me za ka ɗauka? Ya bi su ɗaya ɗaya yana tambayar yaushe aka fara. Suka ce tun kafin zuwan Mai Lofe. Cikin mata ɗari da arba'in da ke littafinsa, fiye da rabi suna ƙulli tun ciwo bai zo ba. Kwana taran nan da aka buga a Dakar ba kwanakin ciwo ba ne. Wasu ciwo ne, wasu tsoron ciwo.

Daga ranar Alƙasum bai sake samun sukuni ba. Ya rubuta wa Mai Lofe a adireshin da ya bari. Shiru. Ya sake rubutawa, wasiƙar ta dawo da tambari a bayanta, an ce ya tashi. Duk ranar da motar wasiƙu ta iso daga Yamai sai a gan shi a gidan waya, ya jingina keke, yana kai da kawowa har a gama rarrabawa. Ya rame. Yana cikin cin tuwo sai ya tsame hannu ya je ya buɗe littafi. Kaltumi ta gaji, wata rana ta ce masa, "Malam, da ƙullin ga na ɗaure wani abu da gaske, da na yi maka guda ka zamna."

Sabon likitan da aka kawo ɗan ƙasa ne, mutumin kirki, kuma yana ganin girmansa. Ya kira shi gefe ya ce, "Majo, sunanka ba shi cikin takardar nan. Wa zai tambaye ka?"

Alƙasum ya ce, "Suna ba shi ciki. Igiyoyin nawa ne."

Ba wanda zai yarda da mutumin da ya ce tara ba daidai ba ne sai ya faɗi nawa ne daidai. Wannan ya sani. Dole a sake ƙirgar daga farko. Ya tara matan ya ce musu igiya ba magani ba ce. Suka ce to, Majo, suka koma suka ci gaba da ƙulli. Ya gane ba zai raba su da abin ba, kuma bai ga dalilin tsananta wa mai neman sauƙi ba. Ya bar musu igiyoyinsu. Abin da yake nema shaida ce wadda ba ta da ciwon kuma ba ta tsoronsa.

A tsakar gidan Zalika ya same ta. Ranar da ɓarin kai ya kama mace ba ta iya ɗaga taɓarya, ba ta iya jin ƙararta ma. Maƙwabciya ce ke ɗaukar hatsin ta kai can nesa ta daka mata, kuma mace ba ta manta ranar da ta yi daka biyu. Sai ya ba maƙwabtan igiya, baƙa wannan karon, ya ce ƙulli ɗaya duk ranar da kika yi dakan wance saboda kanta. Ta Zalika ya ba Talle, wadda danga ɗaya ta raba su.

Zalika ba ta yarda ba. "Talle? Wagga za ta ƙara. Ta ce ta yi mini daka goma don in yi mata ɗaukar ruwa har kaka."

Talle ta ce, "Ke da ko lahiya lau kike sai kin ɗaure kai in kin ga damman gero."

"Majo, ka ji ta ko."

"Na ji ku duka," in ji shi. "Ran da za a kawo igiyar ku zo tare."

Haka aka yi, kuma nan dabarar ta yi ƙarfi. Kowane ƙulli sai an yi gardama a kansa a gabansa. Wannan na ran da aka yi ruwan farko ne. A'a, ran nan zazzaɓi ne, ba kai ba. Wannan na ran kasuwa ne, har kin yi amai a bayan rumbu. Abin da su biyun suka amince da shi kaɗai yake rubutawa. Ƙirgar da a da take ɗaukarsa ɗan lokaci ta koma cin yini. Waɗanda ba su iya zuwa Tawa shi yake bin su ranar hutunsa, a keke inda keke ke shiga, a ƙafa inda duwatsun Adar suka hana. Shekara huɗu yana wannan, yana ganin lokacin ajiye aikinsa na matsowa, yana tsoron kada ya tafi ya bar taran nan a tsaye.

A tsakiyar wannan aiki ne, damina ta 1966, ni 'yar unguwarsu na dawo hutu daga jami'a a Dakar da abin da na ɗauka albishir ne. A wurin masana, nauyin maƙala ba a yawan shafinta yake ba. Ana duba mutum nawa ne suka dogara da ita, suka ambace ta a ƙarshen nasu rubutun. Na ci karo da maƙalar Mai Lofe a ɗakin karatu, na ga sunan garinmu, na bi sawunta mujalla bayan mujalla. Maƙala goma sha tara na samu da suka ambace ta, daga ƙasashe shida. Ga takardar da ta fito daga ɗan ɗaki mai taga toshe da buhu, wannan abu ne babba. Na rubuto sunayen na kai masa.

Ya karanta a tsaye. Ya ce, "Goma sha tara. Dukansu tara sunka rubuta?"

Na ce dukansu.

"Mi sunka ce ya kawo shi?"

Na faɗa masa. Wani ya ce gero ne. Wani ya ce ɗaukar tulu a ka. Wani ya ce jinin mutanen yankin ne haka, ya gina bayani mai tsawo a kai.

Ya je bakin ƙofa, ya dawo. Ya sake zuwa, ya dawo. "Ɗiyata, mutum guda na ba kuskure. Yanzu ya haihi goma sha tara, kuma kowane na da almajirai." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Kin kyauta. Da ban san girman ramin ba."

A ƙarshen 1967 ƙirga ta kammala. Kwana uku ne a wata, ba tara ba, kusan daidai da abin da aka sani a ko'ina. Matan Adar ba wasu halittu dabam ba ne. Kuma da ƙullin tsoro ya fita daga lissafi, sai abin da ya ɓuya a ƙarƙashinsa ya bayyana: ciwon ya fi zuwa a kwanakin farko na azumi, da ranar kasuwa ga wadda ta kama hanya ba ta ci komai ba, da gab da al'ada. Wannan ya fi tara amfani ga mai ciwo. Shi ya sa yanzu za ka ji yana ce wa mace ta sha fura kafin ta fita, ta ajiye ƙwayarta a bakin zane, ta haɗiye ta tun ƙyalƙyalin ido ya fara, kada ta jira bugun.

Ya rubuta wa mujallar kai tsaye. Wannan karon an amsa. Za su buga gyara, amma sai da sunan wanda ya ɗauki nauyinsa, kuma da yake shi ba likita ba ne, sai likita ya haɗa da takardar shaida. Likitanmu ya yarda nan take, har ya kawo shawara don ya rufa masa asiri. Ya ce a kira abin sababbin alƙaluma kawai, shi likitan ya sa hannu, kada a ta da maganar yadda aka yi na farkon. Mutum na shirin ajiye aiki da mutuncinsa, me zai sa farkon fitar sunansa a takarda ya zama a kan kuskure?

Alƙasum ya yi kwana biyu yana juya maganar. Ba dutse ba ne. Ya san za a karanta a Yamai, ya san akwai waɗanda za su ce ga abin da ke faruwa in an bar majo ya yi aikin likita. Rana ta uku ya zo ya ce, "Likita, na gode. Amma in ba mu hwaɗi yadda anka yi ba, gobe wani ya raba igiya a Agadas ko Damagaram, shi ma a ɗaure mishi ciwo tun bai zaka ba." Ya zauna, abin da ba a saba gani ba, ya rubuta da Faransancinsa na tsohuwar lakkwal. Layin farko ya ce: ni na raba igiyoyin, kuma ban tambayi matan abin da suka ɗauki ƙulli ba.

Majo, kai ne wanda aka yaba aikinsa shekara bakwai ba a san sunansa ba, bai ce uffan ba, sai ranar da za a ce an yi kuskure ya ce a rubuta nasa. Kai ne ba ka ɗora laifin a kan matan ƙauye ba, alhali da ka ce jahilcinsu ne ba wanda zai musa maka a Dakar. Ba ka ɗora wa Baturen da ya tafi ba, alhali ba ya nan balle ya kare kansa. Na zauna a gaban malamai masu littattafai da yawa, na ga yadda mutum ke kare jimla ɗaya tasa kamar gonar gado. Ban taɓa ganin wanda ya bi tasa da keke shekara huɗu don ya rushe ta ba sai kai.

Gyaran ya fito a watan Afrilun bana. Shafi ɗaya da rabi ne. Shi ke nan duk abin da Alƙasum ya taɓa bugawa a duniya, sauran aikinsa na cikin littattafan rubutu goma sha ɗaya da ke cikin akwatinsa. A ƙarshensa ya gode wa Zalika da Talle na Bambeye, da sunayensu. A gidan waya ya buɗe mujallar, ya karanta, ya zo gidanmu da ita a hannu. Na ɗauka zai ce alhamdu lillahi, an gama. Ya ce, "Mutum nawa sunka ambaci wagga?"

Na ce tukuna, ai ba ta daɗe da fita ba. Ya matsa, sai na faɗa masa sauran. Ƙawata da ke Dakar ta duba mini, wasu maƙaloli biyu sun fito bana, kuma tara suka rubuta.

"Ashirin da ɗaya ke nan," in ji shi. "Samo mini inda suke."

Tun daga lokacin yake rubuta musu, ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa, kowace wasiƙa da kwafin gyaran da ya juya da kansa. Goma sha huɗu sun tafi. Mutum ɗaya ya amsa, ya ce ya gode, zai gyara a bugu na gaba. Bakwai ba mu sami adireshinsu ba har yanzu.

Majo Alƙasum, ɗan Adar mai bin gaskiya da ƙafa, mun gode. Matan da ka fitar daga rana ka kai inuwa sun gode, da waɗanda suka daina zuwa wurin sakiya. Allah ya ba ka hutun da kai ba ka iya ba kanka ba, ya ba Inna Kaltumi ladan haƙuri.

Ku kuma ma'aikatan jinya da ke fitowa yanzu, in kun miƙa wa mutum wani abu, ku tsaya ku tambaye shi me ya ɗauka kun ba shi. Mu da ƙasar nan ta tura karatu, muna dawowa da ɗokin a ga sunanmu a takarda, mu dubi inda wannan dattijo ya sa nasa. Kuma duk wanda a cikinmu zai koma Dakar ko Abijan ko Faris bayan damina, in ya buɗe littafin likitanci ya ga an ce matan Adar na kwanciya kwana tara a wata, kada ya wuce. Ya nemi marubucin ya gaya masa uku ne. Mutumin da ya fara ƙirga taran shi ya ce haka, kuma ya sa hannu.